Bangon da Iya Ta Hana a Shafe

Daura,
Bayan Ƙaramar Sallah.

Zuwa ga jikata Khairunnisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta goya ki, ko da yake ke kin manta da bayan da ya ɗauke ki. Ya Kaduna, ya ɗinkin labule? Da fatan mai shagon ba ta tatse ki da aiki. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwata ta hagu, kuma ita ce dalilin wannan takarda.

Kin san ni da waya ba ma shiri. Ni da na koyar da matan unguwar nan karatu a ajin yaƙi da jahilci ba zan ajiye biro saboda wani ɗan ƙarfe ba. Mainasara direba zai kawo miki wannan, shi za ki ba amsa a tasha.

Ga abin da ya faru. A ƙarshen azumi na shigo falo da la'asar, na yi tuntuɓe da kujerar tsugunno, na zube. Ba karaya ba ce, targaɗe ne, Hussaina maƙwabciyata ta kira mai ɗori ya duba. Amma labari ya kai Katsina tun kumburin bai sauka ba. Babanki na Katsina ya zo gaisuwar Sallah, ya tsaya bakin ƙofar falon yana ta kallon bango. Da suka tashi tafiya sai matarsa Siddiƙa ta dawo ita kaɗai, ta durƙusa ta isar da saƙo. Wai ɗakin ya yi duhu, ba wurin zaman tsohuwa ita kaɗai ba ne. Ko dai a shafe bangon da farin fenti, ko kuma da Babbar Sallah ya zo da mota ya kwashe ni, an riga an gyara mini ɗaki mai tayil a gidansa.

Hairu, ba na son ko ɗaya. Kin san wanda ya shafa bangon nan. Kakanki Malam, Allah ya jiƙansa, a bakin rijiyar rini ya ƙare rayuwarsa, hannunsa bai taɓa rabuwa da shuɗi ba. A shekararsa ta ƙarshe ya sayo fenti ya yi ta gaurayawa har ya sami launin turkuɗi, ya shafa da kansa yana tari, ni kuwa ina yi masa tsiya cewa ya mayar mini da falo marina. Shi ne rininsa na ƙarshe. Ba mai ɗora masa fari ina raye. Katsina kuwa, me zan je yi? In zauna bayan get ina jiran a kawo mini abinci a kula?

Ke ce mai gyara ɗakunan matan manya. Ki gaya mini yadda ɗan falon nan zai yi haske ba tare da an taɓa bangon ba, yadda in babanki ya zo zai rasa abin faɗa. Ina son in mutu a gidana, amma ba yanzu ba.

Kakarki,
Iya Barakatu.

*

Kaduna.

Iyata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, amma hankalina ya tashi da jin faɗuwar. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Bayan da ya goya ni kuwa ban manta da shi ba, har yanzu ina jin ƙamshin man shanun da kike shafa masa.

Iya, ku biyun nan kuna ba ni dariya kuna ba ni tausayi. Baba Jafaru ya haifi 'ya'ya har sun shiga jami'a, amma don ɗan fari ne har yau ba kya kiran sunansa, ba kya duban fuskarsa, shi ma in ya zo ƙasa yake kallo. Magana sai ta bi ta wajen Anti Siddiƙa, yanzu kuma ta biyo ta Kaduna. To, na karɓi aikin.

Bangon Malam Amadu ba shi da laifi. Matan da muke yi wa aiki har nema suke a shafa musu irin launin nan. Laifin na abin da kika tara ne a ciki. Taga ɗaya ce tal a falon, kuma kabad ɗinki ya rufe rabinta. A janye shi a kai shi uwar ɗaki. Labulen karan-miskin nan ja, mai nauyin bargo, a sauke shi. Kujerun kushin uku sun yi wa ɗakin yawa, mutum sai ya karkace kafin ya wuce. Ki bar ɗaya, ki kyautar da biyu.

Na ba Mainasara ƙunshi. Akwai labule fari mai shara-shara, ni na ɗinka shi da hannuna. Akwai ledar ɗaki ruwan madara, da dogon madubi da za a kafa a bangon da ke kallon taga don ya maido hasken ciki. Akwai fitilu biyu masu caji, ɗaya kusa da ƙofa, ɗaya inda kike salla. Silin kaɗai za a shafa wa fari, shi ai ba Malam ya taɓa shi ba.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi duka. Tagarki katangar gidan Malama Hussaina take kallo, jar ƙasa ce, tana shanye rana. Ki roƙe ta ta yarda a shafe gefen da ke wajenki da farar ƙasa. Za ki sha mamaki.

Ki daina shiga falon da sauri, don Allah.

Jikarki,
Khairunnisa.

*

Daura.

Hairu,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa ta yi sauƙi, har ina zuwa kasuwa ranar Laraba. Kaya sun iso, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Sai dai ki gyara rubutunki. Ƙanana ne kamar jerin tururuwa, sai da Hussaina ta karanta mini, ta kuwa ji har zancen katangarta. Ta yarda, an shafa farar ƙasa, an shafa silin.

Labulen nan na shafa shi da hannuna, na ji santsinsa, na ce wannan ba na ɗakin tsohuwa ba ne. Kaji su shigo, jikokin maƙwabta su goge hannun mai a jiki? Na ninke shi da ledar na sa a ƙasan akwati, na jefa kanumfari saboda asu. Madubin ma na naɗe shi da zane na tura ƙarƙashin gado. Ranar da kika kawo mana miji, an rage wa uwarki nauyin kayan ɗaki. Kada ki ce komai, haka aka yi mini, haka na yi wa 'ya'yana mata.

Fitilun ina amfani da ɗaya, ɗayar na ajiye saboda baƙi.

Kabad kuwa ba inda za shi. Jerena ne a ciki, tasoshin tagulla da fararen kwanukan da aka kawo ni gidan nan da su. In aka kai shi uwar ɗaki wa zai san ina da su? Kujerun ma babanki na Katsina ne ya saya, in ya zo ya tarar babu biyu zai ɗauka raini ne.

Ki ba ni wata dabarar mai sauƙi. Lokaci yana tafiya, jiya na ji ana cinikin raguna a bayan gida.

Iya.

*

Kaduna.

Iya,

Barka da samun sauƙi, na ji daɗi ƙwarai. Amma wallahi da na karanta takardarki sai da na ajiye almakashi na riƙe kai. Na hana idona barci na ɗinka labule don taga, kin kai shi akwati yana jiran mijin da ko sallama bai yi ba! Iya, labulen da ke cikin akwati ba ya haska ɗaki. Ki fito da shi yau. In mijin ya zo na yi alkawarin ɗinka wani, har da naki na zuwa biki.

Zancen jere kuwa, kin ba ni dabarar da ban yi tunaninta ba. A fito da su daga kabad ɗin gaba ɗaya. Ki sa kafinta ya kafa katako siriri hawa biyu a bangon da ke dama da ƙofa. A wanke tasoshin da toka da tsamiya har su yi ƙyalli, a jera su da fararen kwanukan. A jikin farin bango ba za su nuna ba, amma a jikin shuɗin Malam kowace tasa sai ta zama fitila. Kowa zai san kina da su, kabad kuma ya ba taga wuri. Hoton Malam da ke cikin kabad ɗin shi ma a fito da shi, a rataye shi a saman jeren.

Kujeru biyun ki aika su zaure, ba kyautarwa ba ke nan, ba raini.

Baba Jafaru ya kira ni a waya, Anti Siddiƙa ta gaya masa muna rubutu. Ban ɓoye masa ba, na ce ɗakin da duhu yadda yake yanzu, amma ya ba mu zuwa Sallah. Ya ce shi ba bangon ne ya dame shi ba, tsoro yake ji a kira shi wata rana a ce an tsince ki a ƙasa. Muryarsa ba ta mai son raba ki da gidanki ba ce.

Saboda haka ki ji ni da kyau, tsohuwa. In kika bar kayan nan a akwati, ni da kaina zan zo in taya shi ɗaure miki kaya, in zauna gaban mota.

Taki,
Khairunnisa.

*

Daura.

Khairunnisa,

Saƙo ya iso. An yi yadda kika ce. Ina lafiya.

Iya.

*

Kaduna,
Daf da Babbar Sallah.

Iyata,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan jiki da sauƙi. Ni kam ba lafiya ba, tun da 'yar takardarki ta zo ban sami sukuni ba.

Layi ɗaya, Iya. Ba tsokana, ba Hairu, sai cikakken sunana kamar a gaban alƙali. Haruffan kuma manya-manya, kowane kamar kina daka mini tsawa, har biro ya huda takardar. Na jira wata ta biyo baya, shiru. Kullum Mainasara ya shigo tasha sai na je, ya ce ya biya ta gidan kin ce babu saƙo.

Na san abin da na yi. Zancen zama gaban mota ne. Wasa nake yi, irin wanda muka saba, amma na manta cewa abin da ake tsoro ba a wasa da shi. Ko kuma kin ji zafin na ce wa Baba Jafaru ɗakin da duhu. Ban haɗa kai da shi ba, Allah ne shaidata. Da za a tambaye ni, ina son duk ranar da na sauka Daura in tarar da ke a falon nan kina yi mini faɗan na rame.

Mai shago ta hana mu hutun Sallah saboda ɗinkin amare, da na zo da kaina na durƙusa. Ki yafe mini. Ki rubuto ko zagi ne, in dai da yawa.

Jikarki mai laifi,
Hairu.

*

Daura,
Bayan Babbar Sallah.

Hairu 'yar albarka,

Wannan rubutun Hussaina ne, bakin nawa ne. Barka da Sallah, an ajiye miki soyayyen nama a cikin tasa. Ki share hawayenki, sakarya. Yaushe na fara fushi da ke a kan wasa? Ba fushi ba ne ya gajarta takardar nan. Abin da na iya rubutawa ke nan, a tsakar gida, da rana tsaka, hancina kamar zai taɓa takardar.

Bari in ba ki labari daga farko. An yi duk abin da kika ce. Ranar da aka gama, matan unguwa suka cika falon suna salati. Wannan ta ce kamar an ƙara masa faɗi, waccan ta ce tasoshin har kashe ido suke. Ni ma na ce ƙwarai kuwa, ya yi haske. Hairu, ban ga komai ba. Yadda yake a da haka yake a wurina, kamar ana dafa abinci da ɗanyen itace a cikin ɗakin. Nan na gane ba bangon Malam ba ne. Na bar abin a raina, na ce in dai masu ido sun ce ya yi haske, babanki ma mai idon ne, zai gani ya ƙyale ni.

Hoton Malam ne kaɗai ban bari kowa ya taɓa ba. Da safen ranar da babanki da Siddiƙa za su zo na goge gilashin, na laluba ƙusa, na rataye shi da kaina.

Suka iso bayan azahar. Ina zaune a kujera, na ji ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Masha Allah." Siddiƙa tana ta yaba labule. Raina ya yi fari, na ce na ci. Can sai na ji takunsa ya nufi wajen jeren, na ji ƙusa ta yi ƙara.

Ban san lokacin da na yi masa magana kai tsaye ba. Na ce, "Me ake taɓa mini?"

Ya ce, "Ba komai, Iya. Baba ne ya gaji da tsayuwa a kan kansa, na juya shi."

A kife na rataye shi, Hairu. Rawani a ƙasa.

Ya ce wa Siddiƙa ta ba mu wuri. Ya zo ya zauna a ƙasa daf da ƙafata, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan makaranta. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun bara ake ta ƙara mini hayaƙi. Ya ce me ya sa ban faɗa ba. Na ce in an ce tsohuwa ba ta gani, wa zai bar ta a gidanta? Na ji yana jan hanci, na yi kamar ban ji ba.

Ya ce yanar ido ce ta rufe mini gani, ana cire ta a asibiti, mutane da yawa sun warke. Ya ce in bi shi Katsina a yi aikin, in na warke shi da kansa zai dawo da ni, bango kuma ba mai taɓa shi. Na yarda, don ba ni da bakin musu. Jibi za mu tafi.

Amma ina jin tsoro, ba na wuƙar likita ba. Na ga tsofaffi da yawa da aka ce musu kwana biyu ne, har yau kayansu na can a ɗaure. Na bar wa Hussaina makulli. Ki yi mini addu'a in dawo.

Iya.

Ƙari daga Hussaina: ta hana ni rubuta cewa ta yi kuka, don haka ban rubuta ba.

*

Kaduna.

Iyata,

Na aiko wannan ta hannun Anti Siddiƙa, ita za ta karanta miki. Na yi kuka na yi dariya har abokan aikina suka taru a kaina. Ni da nake taƙamar na san haske, na ga haruffanki sun girma na ce faɗa ne. Ki yafe mini wannan ma.

Na yi magana da Baba Jafaru. Ban roƙe shi komai ba, tambayarsa kawai na yi ko da gaske zai mayar da ke. Ya ce, "Khairunnisa, tun da aka haife ni ba ta taɓa neman wani abu a wurina ba sai wannan."

Ki bi dokar likita. In an ce kada ki sunkuya, kada ki ce za ki yi musu shara. Allah ya ba da sa'a, ya tashi kafaɗunki.

Hairu.

*

Daura,
Watan Muharram.

Hairu,

Assalamu alaikum. Dubi rubutun nan da kyau. Nawa ne, a cikin falo nake yinsa, a kan kujerata, ba fitila. An yi ido ɗaya, na biyun sai bayan damina, amma ɗayan ma ya ishe ni ganin cewa rubutunki ba laifi, na zalunce ki.

Na dawo gida. Jiya babanki ya kawo ni, shi ya tuƙo motar da kansa.

Da Hussaina ta buɗe ƙofar na tsaya ban shiga ba. Ashe haka kuka yi mini? Rana ta bugi katangar nan fara, ta ratso labulenki, ta faɗa madubi, ta watsu a kan tasoshin. Bangon kuwa ashe ba baƙi ba ne kamar yadda na daɗe ina ganinsa. Shuɗi ne mai rai, irin na sabon rini in an shanya. Har na ga inda hannun Malam ya gaji a can sama kusa da silin, ya bar shi fari-fari. Labulen ya ɗan fi tagar tsawo, amma na yafe miki.

Siddiƙa ta shiga kicin, Hussaina ta tafi ɗauko mini kajina da ta riƙe. Muka rage mu biyu. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, yana duba takardar magunguna, yana gaya wa ledar ɗaki wanda za a ɗiga da safe da wanda za a ɗiga da yamma.

Sai na dube shi. A asibiti ban yi ba, da mutane. A gidansa ma ban yi ba. Nan na ɗaga ido na dube shi sosai, yadda ban taɓa yi ba tun yana cikin zanen goyo, lokacin da nake satar kallonsa in surukata ta fita.

Hairu, ya yi furfura. Gemunsa fari fat, ya fito sarai a jikin shuɗin bangon, ya fi tasoshin nan duka fitowa. Akwai layuka a goshinsa irin na ubansa. Ni ina nan ina cewa yaron nan, yaron nan, ashe ya tsufa ban gani ba, kuma ba yanar ce kaɗai ta hana ni ba.

Ya ɗago ya kama ni ina kallonsa. Na ɗauka zai sunkuyar da kai. Bai sunkuyar ba, ni ma ban kau da nawa ba. Ya ce, "Iya, lafiya?" Na ce lafiya lau, ci gaba da karatunka.

Da zai tafi bai aiko Siddiƙa ba, shi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce zai riƙa zuwa duk Juma'a in ya taso aiki, ko da bayan magariba ne. Na ce a'a. Ya zo ran Asabar da hantsi, lokacin da rana take cikin falon. Ina son in ƙara ganinsa.

Kakarki,
Iya Barakatu.